Gardamar Silima da Ta Kai Ni Badarawa

Zariya zuwa Kawo

Ina idar da sallar asuba na nufi tasha, ko karyawa ban yi ba. Wani direba ne ya kawo mini labari cewa abokina Isiyaku, tun da korar ma'aikata ta rutsa da shi a Kaduna, ya shige ɗaki ya daina fita, ya daina magana. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na san maganinsa. Ni da shi mun daɗe muna gardama ɗaya: wace shekara ce silima ta fi daɗi? Ni na ce shekarar canjin kuɗi, da naira ta shigo. Shi kuwa ya kafe a kan shekarar canjin hannu, da motoci suka koma dama.

Ƙarfe shida fijo ɗinmu ta tashi. Mil hamsin ne, hanya lafiya lau. A Rigachikun 'yan sanda suka tsayar da mu, suka leƙa but, suka ce mu wuce. Nan na sayi ƙosai mai zafi. Direba ya tambaye ni abin da zai kai ni Kaduna da sassafe haka.

Na ce, "Faɗa zan je nema."

Ya ce, "To Allah ya ba da sa'a, malam."

Badarawa

Daga tashar Kawo na taka da ƙafa. Matarsa Hajara ce ta amsa sallama, idonta ya faɗa. Ta ce, "Malam Bala, 'yan'uwa sun yi ta wa'azi, ko ɗaga kai ba ya yi."

Na same shi kwance, fuska ga bango, gemu ya cika. Ban yi masa jaje ba, don ya sha jaje ya ƙoshi. Na zauna ina cin ƙosaina, na ce, "Jiya a majalisarmu an yanke hukunci. Shekarar canjin kuɗi ta ci. Fim ɗin Indiya mai waƙa a kan jirgin ƙasa, da na Canis ɗin nan mai karya bulo, duk nata ne. Taka shekarar kuwa sai kaboyi tsofaffi."

Na ƙara da cewa, "Har an ce kai dama barci kake yi a silima."

Sai na ga kafaɗarsa ta motsa. Ya juyo, murya a dushe, ya ce, "Wane maƙaryaci ne ya faɗa?"

"Ni ne."

"Bala, mai jirgin ƙasan nan da idona na gan shi a nan Kaduna ana tsakiyar canjin hannu! A kan hanyar komawa ma saura kiris tasi ta kaɗe ni!"

Na ce ban yarda ba sai da shaida. Ya tashi zaune yana neman hularsa. Hajara na bakin ƙofa, ta toshe baki da mayafi.

Hayin Banki

Shaidar ita ce Baba Audu, tsohon da ya yi shekaru yana haska fim a wani gidan silima na cikin gari. Muka tafi da ƙafa, Isiyaku yana gaba yana ta sababi, ni ina baya ina ƙara masa wuta. Mun tarar da tsohon a gindin mangwaro, ya sa aka kawo mana fura. Ya saurare mu har muka gaji, sannan ya yi dariya.

Ya ce, "Samari, ai abu guda kuke yabo. Faifan fim ɗaya ne ke yawo gari-gari cikin gwangwani. Sai mun gama da shi a nan, ya zaga wasu garuruwan, kafin ya iso Zariya shekara ta juya. Kuma duk inda ya tsinke, yankewa ake yi a liƙe."

Isiyaku ya zabura. "Bala, ka ga wurin da jarumin ya yi iyo a kogi?"

Na ce babu wani kogi.

Ya buga cinya, ya tuntsire da dariya har da hawaye. "Ashe ragowata ka kalla! Shekara da shekaru kana yi mini kuri da ragowa!"

Dariyar nan ita na yi mil hamsin don in ji.

Komawa

Mun ci tuwon shinkafa a gidansa, ya yi ƙari. Bayan la'asar ya biya wurin wanzami, sannan ya raka ni Kawo. Mota na tashi ya leƙo taga ya ce, "Asabar ina nan tafe Zariya. Ka tara mini 'yan majalisar taku, in ba su labarin kogin."

Na iso gida ana kiran magariba. Iyali suka tambaya wa ya ci gardama, na ce an kayar da ni warwas. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da Baba Audu da ya kunyata ni a gaban abokina. Washegari kuwa na bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya ina roƙonsu, idan Isiyaku ya zo, kada wanda ya faɗa masa cewa ba a taɓa yanke wani hukunci ba.