Ranar da Na Hura Ruwan Ƙwarya

Ni ne wawan labarin nan, har yau kunya nake ji. Jiya na ji algaita a Sandamu, sai na tuna marigayi malamin busar jikana, Allah ya jiƙansa. Shi ya tara yaran Daura yana koya musu busa da kiɗa, don kada sana'ar ta bi tsofaffi kabari. Sabon shiga kan fara da hura ruwan ƙwarya ta kara mai rami, kumfa ba ta yankewa, har ya iya numfashi yana busa.

Wata rana na je cire jikana daga wurinsa, na ce ban aiko shi wasan ruwa ba. Marigayi ya miƙo mini karan. Ina hurawa na ƙware, ruwa har ta hanci, yara suka tuntsire da dariya.

Ya ce, "Ƙanena, bar yaron nan. Kai numfashinka a surutu ya ƙare."