Waƙar Waken Kuku

Ina sakandare Baba ya sayo talabijin baƙi da fari, muka ɗora ta kan kabad a falonmu na Makera. Baba tsohon soja ne. Da aka gama yaƙin basasa ya ajiye kaki ya kama aiki a masaƙa a Kakuri. Ƙanensa da suka tafi tare bai dawo ba. Iyakar abin da muka sani ke nan, ba hoto, ba labari.

Duk Janairu, lokacin tunawa da sojoji, gidan talabijin yakan sa wani shiri na tsofaffin hotunan yaƙin: sojoji a kan gada, sojoji maƙil a bayan mota. Hotunan ba su da murya, sai aka bi su da busar begila mai ja, irin ta jana'iza. Baba ba ya yarda a kashe. Zai kalla har ƙarshe, daga nan ya yi kwanaki bai ce uffan ba, tuwo ya huce a gabansa. Mama ta riƙa zare mana ido kada wanda ya yi motsi.

Ni ba ni da wannan haƙurin.

Wata Lahadi da yamma suka sake sa shi. Begila ta fara, na ga kafaɗun Baba sun sauka.

Mama ta ce, "Baban yara, a kashe abin nan mana."

Ko kallonta bai yi ba. Na tashi na murɗe sautin gaba ɗaya, na bar hoton.

"Baba, hoto kake so, ga hoto. Wannan busar gawa dai ta ishe ni."

"Ke!" in ji Mama. "Bakin nan naki sai ya ja miki wata rana."

Na tsaya ina jiran mari. Marin bai zo ba. Baba ya matso da kujerarsa, ya ƙura wa sojojin bayan motar ido. Suna tafi, bakunansu na buɗewa tare suna rufewa tare.

Ya ce, "Kai! Ai waƙar kuku ce wannan."

"Wane kuku kuma?"

Ya fara buga gwiwarsa da tafin hannu, daidai da tafin mutanen cikin akwatin, ya ɗaga wata murya da ko a coci ban taɓa jin ta ba:

"Kuku ya dafa wake, wake ya fi harsashi tauri!"

Ƙannena suka faɗi ƙasa da dariya. Mama ta toshe baki da gefen zane. Akwai baitin da ya zo kan tumbin sajan, Baba ya dubi Mama ya haɗiye sauran.

Ya ce, "Baba Ƙaraminku ne mai ba mu ita, mu muna amshi. Kullum da sabon baiti. Har kukun ya taɓa bin shi da ludayi, ya zagaye tanti da shi."

Daga nan ya yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma yana kukan yana magana. A yammar nan muka ji cewa Baba Ƙarami bahago ne, yana da wushirya, kuma bakinsa ba ya shiru. Mama ta dube ni ta ce to, yanzu ta gane inda na gado.

Ban ce masu shirin sun yi ƙarya ba. An mutu, begila na da gurinta. Amma ita kaɗai ce ake busa wa Baba kowace shekara, har ta danne masa muryar ƙanensa.

Ranar ya cinye tuwonsa, ya nemi ƙari.

Da shekara ta zagayo, shirin na farawa ya miƙo ƙafa ya taɓa ni.

"Ke mai baki, rage musu busar nan. Ku kuma ku matso, yau amshi za ku koya."