Wata Huɗu da Na Saya da Ciwon Kugu

Ku matso, matan Mbamba, ku da kuka saba cika mini ƙofar ɗaki da kwanon kunu da fuskar ta'aziyya. Kun ce in ba ku labarin tafiyata Jimeta, to ga shi. Ni ban san baƙi ba. 'Yata Dudu, malamar firamare, ita ke rubutawa, kuma na ce mata ko inda na zage ta kada ta tsallake.

Wanda bai sani ba ya sani. Shekara huɗu ke nan aka yanke mini nono ɗaya saboda ciwon daji. Bara ya dawo, ya sami wuri a ƙashin kuguna ya shimfiɗa tabarma. Tun daga nan kullum ƙwaya, duk wata uku kuma hoto a asibiti. Hoton yini ɗaya ne, amma ku kun mayar da shi mako uku: mako guda kafin in tafi kuna zuwa mu yafi juna, mako biyu bayan na dawo an hana ni ko leƙa gonata ta shinkafa a Njuwa. Wannan karon an gama dashe ke nan. Na ƙirga da yatsu, na ga hoto na gaba zai faɗo daidai lokacin yanka. Shi ya sa na fita da niyya guda: a rage mini yawan hoton nan.

Laraba: Mbamba zuwa Jimeta

Mun fita bayan sallar asuba, shida saura kwata a wayar Dudu. Cikina babu komai, don an ce kada in ci kada in sha sai ruwa. Maƙwabciyata Goggo Nenne ta riga mu bakin ƙofa, tana share ido da gefen mayafi.

"Ya jiki, Dada?"

"Jam," in ji ni. Lafiya ke nan, da bakin iyayenmu. Haihuwa tara na yi ba wanda ya ji muryata ta bayan zana, ba a kan kugu zan fara ba.

Keke ya kai mu kasuwar Yola, muka sake wani zuwa Jimeta, naira ɗari biyar kowa. Dudu ta ce tafiyar kilomita goma ce da ɗoriya. Ni ramuka na ƙirga, don duk wanda muka faɗa sai kuguna ya amsa sallama. A shingen 'yan sanda mai keke ya nuna ni da haɓa, ya ce, "Oga, asibiti ne, mama ba shi da lafiya sosai." Aka ɗaga mana hannu. Da muka wuce na ce masa, "Yaro, wa ya gaya maka ba ni da lafiya?"

"Ba wanda ya gaya mini, Mama. Shinge ne."

Ashe ciwon ma yana da masu cin moriyarsa.

Ɗakin hoto

Bakwai da rabi muna asibiti. Lambata tara. A kan benci muka tarar da ɗana na fari, wanda bakina ba ya kama sunansa, mu ce masa Mai Ofis. Ya zo da jaka cike da hotunana na baya, a jere, kamar takardun fili. Ya gaishe ni, na amsa ina kallon bango, yadda aka koya mana.

Aka ba ni ruwa jarka guda aka ce in shanye a hankali. Sha ɗaya da kwata wata nas mai suna Rifkatu ta kira ni. Ta kwantar da ni a wani siririn gado, ta yi mini allurar da ke sa zafi ya bi jiki har ka ɗauka ka saki fitsari. Gadon ya tura ni cikin wani abu kamar bakin rijiya da aka jingine a tsaye. Murya ta ce in ja numfashi in riƙe. Na riƙe. Na riƙe abin da ya fi numfashi a duniyar nan.

Da za ta tashe ni, Rifkatu ta ce, "Kaka, akwai inda ke miki ciwo?"

"Jam."

"Yatsunki kuwa sun kusa karya mini hannu."

"Gaisuwa ce, 'yar nan."

Aka ce sakamako sai Juma'a da safe.

Luggere, kwana biyu

Masaukina gidan Mai Ofis, a unguwar Luggere. Ɗaki mai fanka, katifa mai taushin da sai an ja ka kake tashi. Abinci kuwa na marasa lafiya: ba gishiri, ba yaji, ba man shanu. Ga kifin Binuwai ana soyawa ina jin ƙamshi, ni kuma aka ajiye mini dafaffen kabeji. Kabejin da ko akuyata sai ta yi shawara.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka zauna shari'ata a falo, ina zaune a tsakiya kamar buhun da ake ciniki. Mai Ofis ya ce shi da za a bi tasa, duk wata za a yi hoton. Ya karanta a waya. Dudu ta ce wa yayan nata, "Hamma, ai ba mota ba ce da za a riƙa kai ta gareji." Ya ce to ita ta fi son a zauna har abin ya ci gari? Suka yi ta yi, rabi da Turanci, don kada mai kugun ta ji abin da ake faɗa a kan kugunta.

Na ce wa Dudu, "Gaya masa wata shida nake so."

Yana zaune taku biyu daga ni. Ya ce, "Gaya mata na ji."

Juma'a: wurin likita

Tara da minti goma muka shiga. Likitan sabo ne a wurina, dogo, ga zanen Barebari a kumatu ba ɓoyo. Na ce a raina, yau na haɗu da bawana. Kun san tsakaninmu da su ba kunya.

"Sannu, Bafulatana," in ji shi. "Ina kika bar shanun?"

"Suna wurin ubangidanka. Kai wa ya sake ka har ka sa farar riga?"

Ya yi dariya, ya ɗaga hoton ya jera da na baya. Ya ce sau uku ke nan abin yana zaune inda yake, bai ƙaru ba, bai koma wani wuri ba. Ƙwayar tana aiki. Mai Ofis ya sauke ajiyar zuciya, nan take kuma ya kawo maganar duk wata.

Likita ya ce, "Alhaji, hoto ba magani ba ne. Leƙe ne. Idan kana buɗe tukunya kullum ba shi zai sa ta nuna ba. Ga allurar nan da wahalar zuwa, su ma jiki ke ɗauka. A halin da take ciki, wata uku daidai ne, a ja shi zuwa shida ma ba laifi ba ne, muddin tana zuwa a duba ta a gwada jini a tsakani. Zaɓin nata ne." Sai ya juyo gare ni. "Amma da sharaɗi. Idan na rage leƙe, ke ce za ki zama idona. Sabon ciwo, tari, ƙafa ta yi nauyi, ki faɗa ranar, ba sai lokaci ya yi ba. To bismilla. Ina ke miki ciwo yau?"

"Jam."

"Ƙarya kike."

Wallahi haka ya ce, a gaban 'ya'yana. Babarbare ne kawai zai faɗi wannan ya kwana lafiya.

"Na ga shigowarki," in ji shi. "Kin dafa ƙofa, kin dafa tebur, kin zauna a gefe ɗaya kamar mai ɓoye ƙwai. Ku Fulani ko kura na cin ƙafarku jam za ku ce."

Sai Dudu, wadda na goya, ta buɗe baki. Rubuta, ai ke kika faɗa. Ta ce, "Likita, shi ya sa muke son hoton. Injin nan ne kaɗai ba ta iya ce masa jam. Wancan karon da ciwon ya dawo, wata nawa tana ɓoyewa, sai da na tarar da ita tana sallah a zaune ta kulle ƙofa."

Na saci kallon Mai Ofis, abin da ban cika yi ba. Ya sunkuyar da kai yana murza hannun jakar hotunan nan. Furfura ta fito masa a gefen kunne, ban san yaushe ba. Ashe ba son injin yake ba. Uwa gare shi da ba ta gaya masa komai, sai ya je yana tambayar ƙarfe.

Likita ya ɗauki biro. "To wata uku. Mai jam ba ta samun shida."

Na ga shinkafata ta nuna, tsuntsaye na biki, 'yan ƙwadago na yanka yadda suka ga dama, ni kuma ina ɗaki Goggo Nenne na neman gafarata karo na biyar. Na ce, "Dakata, bawa."

Bakina ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Na kalli bango na ce, "Nan, hagu. Idan na daɗe a zaune, da kuma in zan tashi daga sujada. Tun ƙaramar sallah."

"Yana sauka ƙafa?"

"Bai sauka ba."

"Yana hana barci?"

"Wani lokaci."

Ya danna nan, ya danna can, ya sa na ɗaga ƙafa. Ya ce wurin da aka sani ne, ba sabo ba, zai sauya mini maganin ciwo, da na faɗa tuntuni da na huta tuntuni. Amma tunda akwai ciwo, ba zai ba ni shida yanzu ba. Huɗu. Idan na huɗun ya yi kyau, kuma bakina ya ci gaba da aiki, sai a yi maganar shida.

"Ka ga irinta," na ce. "Na faɗi gaskiya, an ci ni tarar wata biyu."

"Da kin yi shiru uku ne. Ribar wata guda kika ci, je ki ƙirga."

Na ƙirga. Wata huɗu, shinkafa tana buhu. Na ce na karɓa, amma ni ma da nawa sharaɗin: ranar hoton ba mai sani sai mu huɗun nan. Duk Juma'a kuma zan gaya wa Dudu gaskiyar jikina. Ban kalli Mai Ofis ba, na ƙara da cewa, "Shi ma in ya kira waya, ya tambaya." Mai Ofis ya fita wai zai karɓo magani, alhali takardar tana hannun Dudu.

Komawa

Sha biyu saura muka kama hanya, a motar Mai Ofis wannan karon. Na sa ya tsaya a bakin titi ya sayo mini soyayyen kifi da yaji, na cinye kafin mu shiga Yola. Ramukan suna nan inda na bar su. A na uku na ce, "Wannan ya taɓa ni." Ya rage gudu har muka iso.

Ɗaya saura kwata muna ƙofar gida. Goggo Nenne na nan, da kwanonta.

"Sannu da hanya, Dada. Ya jiki?"

Na ce, "Kuguna na hagu na ciwo, jiya ban yi barcin kirki ba, kuma kunun nan naki yana ɗaure mini ciki."

Ta tsaya baki buɗe. Shekara arba'in muna gaisawa, ba ta taɓa tanadar amsar wannan ba. Can sai ta ce, "To... madalla."

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Na gode wa Rifkatu da hannunta, da bawan nan nawa mai farar riga. Na gode muku ku ma, har da wadda ta aiko a tambayi Dudu ko za a ba da aron gonar Njuwa bana. Ba za a bayar ba. Ranar hoto na gaba kuwa kada ku wahalar da kanku, ba za ku ji ta ba. Mai son duba ni ta same ni a gona gobe da hantsi, ta zo da gwangwanin korar tsuntsu. In ta tambaye ni jiki, ta nemi wurin zama, don yanzu amsawa nake.