Gurbin Baba Mai Ɗinkin Littattafai

Ni mutum ne mai riƙe baki, kuma na daɗe ina taƙama da hakan. Shekara ashirin da ɗoriya na yi a ofishin rajistara na jami'a, sashen ƙananan ma'aikata, ba a taɓa cewa ga maganar da ta fita ta bakina ba. Abokan aiki har tsokanata suke yi, wai ko matata ba ta san hawa na nawa ofishina yake ba. Ni kuwa sai in ce musu ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To, yau zan faɗi wani abu, don ya ishe ni ɗauka.

A da akwai wata al'ada a jami'ar da muke kira gurbi. Ba a rubuce take a ko'ina ba. Idan ƙaramin ma'aikaci, masinja ne ko direba ko mai gadi, ya rasu ko ya ajiye aiki, shugaban sashensa kan rubuto a ɗauki ɗansa ko 'yarsa a madadinsa, muddin akwai takardar makaranta da ta dace. Ni kaina ta wannan ƙofa na shigo. Mahaifina masinja ne a ɗakin karatu. Da Allah Ya yi masa rasuwa ina zaune a gidanmu na Muchia da takardar sakandare, ba aiki, ga mahaifiya ga ƙanne. Bayan sadakar arba'in wani abokin aikinsa ya zo har gida, ya ce in sa riga mai kyau in biyo shi. Shi ne nake kira Baba.

Baba shi ke ɗinke littattafan da suka yage a ɗakin karatu, ya yi musu sabon bango. Kirista ne, mutumin kudancin Kaduna, gajere, mai faɗan tsiya, kullum yatsunsa da busasshen gam. Kwana uku ya yi yana barin aikinsa, muna zaune a bencin ƙofar ofishin rajistara. A rana ta uku ya tare wani babba a kan matakala ya ce, "Yallaɓai, uban yaron nan a bakin aikinku ya faɗi. Ko ku sa hannu, ko ku kawo mini tabarma in tare nan." Aka sa hannu. Daga baya na yi karatun yamma, na sami digiri, na yi ta hawa har na zama mai rubuta bayanan taron kwamitin ɗaukar ma'aikata. Baba kuwa yana nan da allurarsa da zarensa. In mun haɗu sai ya cire hula ya ce, "Oga, ranka ya daɗe," in ce, "Haba Baba, ka daina mana."

Gaskiya gurbin ya lalace daga baya, ba zan ɓoye ba. Da idona na ga mutum uku sun zo neman gurbin mamaci ɗaya, kowa na cewa shi ne ɗansa, alhali marigayin 'ya'ya mata ya bari. Na ga surukin wani babba ya zama ɗan mai shara a takarda. Haushi nake ji kamar in fashe. Saboda haka ranar da kwamiti ya zauna ya ce a soke al'adar, a riƙa tallata kowane aiki, kowa ya nema ta intanet, a yi jarrabawa, a raba tsakanin jihohi, da farin ciki na rubuta. Aka ce dokar za ta fara aiki ranar da majalisar gudanarwa ta amince, nan da mako biyar. Duk takardar gurbi da ta shigo kafin ranar za a karɓa. Kafin a tashi rajistara ya cire tabarau ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce kada maganar ta wuce ƙofar nan, wanda ya fitar kuwa ya kuka da kansa.

A mako na biyu Baba ya shigo ofishina da ƙullin citta, tsarabar garinsu. Ya zauna, ya ce shawara ya zo nema. Saura masa wata tara ya cika shekarun aiki. 'Yarsa ta ƙarshe, wadda na sani tun tana goye, ta gama sakandare tana karatun difloma, kuma tun tana ƙarama take taya shi ɗinki, hannunta ma ya fi nasa kyau yanzu. Ita yake so ta gaje shi, shugaban sashensu ya riga ya yarda.

Ya ce, "Ɗana, kai ka san kan takardu. In ajiye yanzu ta shiga, ko in jira in cika wata tarana?"

Wallahi bayanan taron suna cikin aljihun teburin da ya ɗora gwiwar hannunsa a kai. Kalma biyu ta isa: ajiye yanzu. Ba sai na ce don me ba. Baba ba yaro ba ne, da ya gane. Amma na ji muryar rajistara, na kuma ji wata murya da ta fi ta ƙarfi, tawa, mai cewa ni ba a taɓa kama ni da sakin baki ba. Na gyara takardun da ba su buƙatar gyara, na ce, "Baba, kai za ka duba abin da ya fi maka."

Ya yi dariya ya ce, "To bari in cika. Mutum ya fita ta ƙofar gaba ya fi." Na raka shi har matakala.

Daga mako na uku takardun ajiye aiki suka fara shigowa, kowacce da ta gurbi maƙale a bayanta. Direban wannan, mai aikin gidan wancan, ɗan garin su wane. Duk na kusa da 'yan kwamiti ne, makaho ma ya gani. Ni ke buga musu hatimin karɓa. Raina ya ɓaci, na kwashi tulin na kai wa rajistara na ce, "Yallaɓai, magana ta fita." Ya ce, "Sun shigo kafin lokaci? To karɓi." Na fito ina huci. Maimakon wannan ya sa in ruga wurin Baba, sai ya ƙara mini taurin kai. Na ce su dai su zubar da mutuncinsu, ni ba zan zama irinsu ba.

Sau ɗaya dai na kusa gaya masa. Wata Asabar da hantsi na hau keke daga Sabon Gari har Samaru, na sauka bakin kasuwa, na bi layin gidajen hayar ɗalibai har na hango ƙofar gidan Baba. Yarinyar na zaune a waje tana yanka kwali. Na tsaya wurin mai gyaran waya kamar ina jiran wani. Na yi ta tsara maganar da zan faɗa wadda ba za ta zama fitar da sirri ba, ban samo ba. Na juya na koma gida, na ce wa iyali ciwon kai nake yi.

Majalisa ta amince, aka manna sanarwa a kowane allo. Baba bai zo ya yi mini ƙorafi ba. Da muka haɗu cewa ya yi, "Ka gani ko, ɗana? Ƙaddara ta riga fata." Na ce haka ne, Baba.

Abin da na manta shi ne, duk ƙarshen shekara ana haɗa bayanan tarurrukanmu a kai ɗakin karatu a ɗinke su littafi guda. Baba ke ɗinkewa, kuma dole ya bi shafi shafi don kada wani ya juye. Saura mako biyu ya tafi, sai ga shi da littafin a hammata, bai aiko masinja ba. Ya rufe ƙofa, ya ajiye shi a gabana, baƙin bango da rubutu ruwan zinare, aiki tsaf. Ya buɗe wani shafi ya ɗora yatsa kan kwanan wata, sannan kan sa hannuna.

"Ranar da na kawo maka citta, ka riga ka rubuta wannan?"

"Na riga, Baba."

"Waɗanda suka ajiye a lokacin, gaya musu aka yi?"

"Gaya musu aka yi."

Ya daɗe yana kallon shafin. Na so ya zage ni. Mutumin da ya tare babba a matakala saboda ni, na so ya ɗaga murya duk benen ya ji, ko ya jefe ni da littafin. Sai kawai ya rufe shi, ya shafa bangon da tafin hannu, ya ce, "An ba ka amana, ka riƙe. Ubanka ma haka yake." Ba da gatse ya faɗa ba, da gaske yake, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Kunya ta rufe ni har na kasa miƙewa in raka shi.

Bayan tafiyarsa aka tallata aikin. Yarinyar ta nema. Ni na taya ta cike komai a kwamfuta, na ba ta tambayoyin da za ta yi bita a kai, na yi duk abin da doka ta yarda. Ta ci jarrabawa, amma aka ce jiharmu ta riga ta cika nata kason. Wani saurayi daga nesa aka ɗauka, yaron kirki ne, ba ni da abin cewa a kansa, sai dai bai taɓa riƙe allura ba. Ita kuwa ta kama rumfa a Samaru tana ɗinka wa ɗalibai kundin kammala karatu. Lokacin da suke gamawa akwai ciniki, sauran watanni sai zaman kashe wando.

Har yau ban ce dokar ba ta da kyau ba. Ta toshe ɓarna mai yawa, kuma da za a sake tambayata zan ce a yi ta. Amma duk lokacin da na so in fake da wannan, zuciyata ba ta yarda. Doka ta ba da mako biyar, kuma Baba ya fi duk waɗanda na buga wa hatimi cancanta. Sunana na tsare, ba jami'a ba.

Baba ya rasu shekara biyu bayan ya ajiye aiki. Na je gaisuwa bayan an dawo daga coci, gidan cike da matan zumuntar cocinsu suna waƙa a hankali. Na tafi da niyyar in na sami yarinyar ita kaɗai zan faɗa mata komai, ta yi yadda ta ga dama da ni. Ta fito, idanunta sun kumbura, ta durƙusa ta gaishe ni. Kafin in buɗe baki ta ce, "Yaya, Baba ya bar mini wasiyya a kanka. Ya ce duk jami'ar nan ba wanda ya tsaya mini kamar kai, kada in yarda in rabu da gidanka."

Ashe bai taɓa gaya mata ba. Tana durƙushe tana jiran abin da zan ce. Na ce, "Allah Ya ba mu haƙuri," na nemi takalmana.