Taubashina Ya Nuna Mana Teku

Har yau in na ji mutum ya zauna yana yabon Ikko, yana ba da labarin teku da gadoji, sai in ɗauki takalmana in ba shi wuri. Garin bai yi mini laifin komai ba. Da wanda ya zagaya da ni cikinsa nake.

Shekara ta biyu ce ta fari. Ƙauyenmu yana tsakanin Isa da Tozai, kuma a wannan bazarar babu gidan da ba a jiƙa dilo, 'ya'yan anzar nan masu ɗaci da sai an yi ta sauya musu ruwa kafin su ciwu. Rumbunanmu an share su har da tsintsiya. Abin da ya rage dami ɗaya ne na iri, geron gidanmu mai doguwar zangarniya, wanda mahaifina ya zaɓa da hannunsa ya rataye a ɗakinsa. Magana ta tsaya a kan wannan damin. Ko dai a sami abin da za a ci har ruwa ya sauka, a shuka shi, ko kuwa a sauke shi a daka wa yara. Cikin yaran har da 'yata, wadda ba a daɗe da yaye ta ba.

Sai mahaifina ya tuna da ɗan ƙanwarsa. Wannan ɗan gwaggon nawa a gidanmu ya tashi tun rasuwar ubansa, ƙwarya ɗaya muka sha fura da shi, ga shi kuma taubashina, abokin wasana. A lokacin ya zama babban ɗan kasuwar goro a Agege, can Ikko, har da motar kansa. Aka tashi baffana, ƙanen mahaifina, ya je ya gaya masa halin da ake ciki, ni kuma in raka shi tunda ina ɗan karanta allon hanya. Muka bi ta Shinkafi zuwa Ƙauran Namoda, muka hau jirgin ƙasa.

A wajenmu babba ba ya buɗe bakin buƙata gaban ƙarami haka kawai. Sai an ci an sha, baƙin ido sun watse, ƙaramin ya zo ya zauna ƙasa ya ce, “Kawu, lahiya dai kunka taho?” Wannan tambayar ita ce ƙofa. In ba a buɗe ta ba, dattijo ba ya haurawa ta katanga. Kowane Bagobiri ya san haka, shi ma ya sani, don a zauren mahaifina ya koya.

Tarba kam ya yi mana ta girma. Aka yanka kaji, aka kawo shinkafa da kifi, baffa yana ci yana hamdala. Na yi zaton da mun wanke hannu zai zauna. Ina! Sai ya miƙe ya ce mun sha hanya, mu huta, gobe zai nuna mana gari.

Da safe ya zo da direbansa da wani abokinsa mai surutu kamar rediyo, aka zuba mu a mota. Aka hau da mu wata gada da ba a ganin ƙarshenta, ruwa dama ruwa hagu. Aka kai mu gidan tarihi, inda na ga an kulle fartanya da turmi cikin gilashi, mutane suna layi suna kallo. Turmin ya fi na uwata lafiya, kuma shi ma ba a daka komai a cikinsa. Muka dawo a gajiye, ya ce sai da safe. Washegari bakin teku. Ga masu doki suna ɗaukar mutane, ga masu hoto, ga wasu cikin fararen riguna suna kaɗa ƙararrawa suna addu'a. Baffa ya naɗe ƙafar wando ya matsa, ya ɗebo ruwan a tafin hannu ya ɗanɗana, ya tofar. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, “Wanga duka, ko kuyyar gona guda ba shi shayarwa.” Sai ya yi istigfari. Mai gidan ya bushe da dariya, ya kira mai hoto ya ɗauke mu.

Ranar da ta fi ci mini rai ita ce ta tashar jiragen ruwa. Ya san wani ma'aikaci a can, aka bar mu muka leƙa. Buhunan shinkafa da alkama ake saukewa daga cikin jirgi, tuli sama da tuli, wanda ya fashe ana taka shi da takalmi, tattabaru sun ƙoshi har ba sa iya tashi. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Shi kuwa yana nuna mana ƙugiyar da ke ɗaga kayan, yana faɗin ƙasar da aka ƙera ta. Na dubi baffa, na ga idonsa na kan ƙwayoyin da ke ƙasa. Wallahi da ba don idon mutane ba da ya duƙa ya tsince su.

A nan haƙurina ya ƙare. Na ja taubashin nawa gefe na ce masa, “Kai, mu ba kallo munka zo ba. Gida dilo aka ci. Iri kaɗai ya rage.” Ya dube ni ido cikin ido, na ga ya ji, don fuskarsa ta ɗan motsa. Sai ya daki kafaɗata ya ɗaga murya yadda abokinsa zai ji: “Ku ji mani bawana! Tun muna ƙanana ciki gare shi kamar rijiya, ba shi cika!” Aka yi dariya har da direba. Ka ga sharrin wasan taubasai ke nan. Kana da damar gaya wa abokin wasanka duk abin da ka ga dama, shi kuma yana da damar mayar da shi wasa. Maganata ba ta da nauyin saƙo. Saƙo yana bakin baffa, baffa kuwa jira yake a tambaye shi.

Na koma kan baffa. Na roƙe shi ya yi magana ko ba a tambaya ba, tunda ba a kanmu aka fara roƙo ba. Ya ce mini, “Ɗan ƙanwata na. Ni ba ni tare shi bisa hanya kamar mai bara. Shi zamna, in gaya mai.” Na ce ai ba zai zauna ba. Ya ce to wannan tsakaninsa da Allah ne. Na so in yi ihu. Ɗaya ya ƙi tambaya, ɗaya ya ƙi faɗa, kowa yana tsaron mutuncinsa, ni kuwa 'yata nake gani tana tsotsar yatsa.

Haka aka ci gaba. Kullum da sabon wuri, kullum da baƙon ido a mota. Har Badagari ya kwashe mu wuni guda, muka shiga kwalekwale, aka nuna mana sarƙoƙin bayi, aka fasa mana kwakwa. A hanyar dawowa aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, yana malala cikin kwata, mutanen gari suna tsaki wai ya ɓata musu kasuwa. Baffa ya miƙa hannu ta taga ya bar shi a waje har rigarsa ta jiƙe. Da ganin ruwan nan hankalinsa ya koma gona, ya ce gobe za mu tafi.

Mai gidan ya yi ta cewa ai ba mu ga komai ba tukuna, akwai gidan namun daji. Amma bai hana mu ba. Ya raka mu tashar jirgi, ya ba mu tikiti, da huhun goro ƙarami na kai wa kawunsa, da yadin shadda, da hoton nan na bakin teku. Ya durƙusa har ƙasa ya yi wa baffa sallama, kamar ɗan kirki. Mutumin da ya san zai durƙusa a tasha gaban jama'a, ya kasa zama a ɗaki inda ba kowa. Ba rashi ya hana shi ba, da idona na ga buhuna a zaurensa. Ya dai lissafa ne ya ga in ya buɗe ƙofar nan sau ɗaya, duk dangi za su shigo ta ciki, sai ya toshe ta da teku.

Mun iso gida da hantsi. Mahaifina yana ƙarƙashin bishiyar bedi a ƙofar gida, ya dubi hannuwanmu tun daga nesa. Bayan gaisuwa ya ce wa baffa, “Mi yac ce?”

Baffa ya ce, “Bai tambaya ba.”

Mahaifina bai zagi kowa ba. Da ma ya zaga, da na ji sanyi. Ya gyaɗa kai kawai, ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito rungume da damin ya ajiye gaban uwata. Ita ta yi ta kallonsa ba ta taɓa ba, sai da ya ce, “Sussuka.”

A wannan shekarar ruwa ya sauka, ya sauka da kyau. Ranar shuka kowa ya fita da sungumi tun da sassafe. Mu ma mun fita, ni da mahaifina da furfurarsa, muka yi wa maƙwabcinmu ƙwadago, gonarmu tana gefe ta sha ruwa ta yi luf, ciyawa tana tsirowa.