Allura a Wuyan Wanzami

Muna idar da sallar asuba muka bar Doka, ni da mahaifina, muka nufi Gadarif. Baba wanzami ne. Wata biyar ke nan ciwo na saukowa daga wuyansa zuwa hannun dama, har aska ta fara faɗuwa daga yatsunsa. Ƙahon da ya sa aka yi masa bai yi komai ba, ko da yake bai taɓa yarda da bakinsa ba.

Hanya cike take da manyan motocin dawa da riɗi, kuɗin mota kuwa ya hau kamar da gayya. Duk ramin da muka faɗa sai Baba ya dafe ƙeya ya yi salati. A tasha muka karya da ful, wato dafaffen wake, da shayin wata mata mai yawan sa citta.

Likitan da muka samu a asibiti daga Khartum yaƙi ya koro shi. Ya ce ƙashin wuya ne ya danne jijiya, za a zuba magani da allura dab da laka. Baba kuwa sana'a ce ta motsa masa, ya dubi likita ya ce:

"Ɗana, ba za ka lalubi wurin da yatsa ba?"

"Ya Hajj, a nan yatsa makaho ne. Kuskure kaɗan sai a taɓa laka."

Aka kwantar da shi rub da ciki, aka sa mini riga mai nauyi ta darma don in tsaya kusa. Na'urar hoto tana zagaya wuyansa, ƙasusuwa na fitowa a allo. Likita ya tura allura kaɗan, ya dubi hoto ta baya, ya duba ta gefe, ya ƙara kaɗan. Sai da ya zuba wani ruwa mai fitowa a hoto ya ga inda ya bi, sannan ya sa maganin.

"Kada ka motsa," in ji shi. Shekara arba'in Baba na gaya wa mutane haka, sai ranar aka gaya masa.

Washegari muka dawo. Abin da na koyo shi ne, gwani na gaskiya ba ya jin kunyar dubawa kafin ya soka. Likita ya ce sauƙin na iya zama na watanni kawai, muka ce mun gode Allah.

Kwana tara da dawowa Baba ya wasa aska ya kira ni. Na zauna a gabansa. Ya dafa kaina, na ji hannun ba ya rawa.

"Kada ka motsa," ya ce.