Farin Dutse a Kwamin Hure

Ranar da na ɓata wa Hure ruwa, wallahi alwala kawai na yi niyya. Ruwan shuka ya sauka, tun safe ina gona ina rufe rami da dunduniya, na taso ƙafafuna jar laka har ƙwauri. Na biyo ta ƙofar gidanta, sai ga kwamin simintin nan cike da ruwa garau, ba kowa a wurin. Na ce bari in ɗan ɗauraye ƙafa ɗaya. Ɗayar ce ta ci amanata. Santsi ya kwashe ni, sai ga ni zaune daɓas a ciki, da gemuna da furfurata, hulata tana yawo a gabana kamar ƙoƙo. Kafin in miƙe ruwan ya koma kunun kanwa.

Hure taubashiyata ce, 'yar kawuna, kuma tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tsokana ba. Da ta fito sai na gyara baki, ina jiran ta kira ni bawanta in rama. Ko kallona ba ta yi ba. Ta leƙa ruwan, sannan ta ɗaga kai ta dubi hanyar da ta gangara bayan gari.

"Dabo," in ji ta, "an kusa tashin yara daga makaranta."

Na san abin da ke ƙarshen hanyar nan.

Kududdufi ne. Duk katangar da ke ƙauyenmu daga cikinsa ta fito: da rani a haƙi ƙasar gini, da damina ruwa ya cika ramin, yara su samu wurin wanka. Shekarun baya, mijin Hure, marigayi Mika'ilu, ya ga ɗansu na fari, Sabo, ya fara tasawa, ya ce zai gina masa ɗaki a ƙofar gida. Ƙasa mai danƙo tana gefen da yara ke shiga, inda ruwa bai taɓa wuce gwiwa ba. Nan ya haƙa duk rani, rami ya fi tsayin mutum. Wa ke tara yara ya gaya musu inda ya ɗebi ƙasa? Ruwa ya sauko ya shafe wurin. Sabo ya zo a guje ya faɗa inda ya saba faɗawa.

Ina cikin waɗanda suka shiga nema. Ruwan ja wur, ko tafin hannunka ba ka gani, da ƙafa muke lalube. Hure tana tsaye a baki ba mayafi. Kunyar ɗan fari ba ta taɓa barin sunansa ya fito daga bakinta ba, sai dai "yaron nan". Ranar ma haka take kira: "Kai! Kai yaron nan!" Mata suna ce mata ta kira sunansa ko Allah zai sa ya ji. Ta buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Har yau in na wuce wurin da la'asar, wannan "kai" ɗin nake ji.

Ɗakin yana nan. An rufa shi, an yi masa daɓe, ba wanda ya taɓa kwana a ciki.

Bayan haka aka yi mana rijiyar burtsatse mai inji, yara suka koma wasa a ƙarƙashin famfo, muka ɗauka an rabu da kududdufi. Sai shekarun nan masu wuya suka zo. Mai ya yi tsadar da inji ya yi shiru, famfo ya bushe har ƙadangare ya tare a bakinsa. Mika'ilu ya kora shanun nomansa kasuwar Ɗambatta ya dawo da igiya, bai daɗe ba ya rasu. Yara kuwa zafi bai san ana talauci ba. Suka sake kama hanyar bayan gari.

Lokacin ne Hure ta kankare kwamin da shanun ke shan ruwa, wanda zurfinsa bai kai gwiwar babba ba, ta cika shi daga rijiyar gidanta, ta ce duk yaron da ke son wanka ya zo nan. Muka yi ta dariya. Ni na fi kowa. Na ce Hure ta buɗe otal, saura ta sayo kujeru.

Ban san aikin da ke ciki ba sai da na zauna na kalla. Yaro ba ya shiga sai ya zaga ya yi fitsari, in ya ce ba ya ji ta ce ya je ya gwada. Sai ya taka cikin wani tsohon baho ya wanke ƙafa. Ba sabulu, ba mai ƙurji, ba mai rogo a hannu. In sun tashi ta bi saman ruwan da yankin gidan sauro da ta ɗaura a bakin rariya, ta kwashe ganye da ƙwari, ta rufe kwamin da asabari. Da farko alam take sakawa don dattin ruwan ya kwanta. Da kuɗinsa ya fi ƙarfinta sai ta koma wa 'ya'yan zogale: ta ɓare, ta daka, ta ƙulle garin a tsumma ta kaɗa a ruwa, ta bar shi ya kwana. Da safe dattin ya kwanta a ƙasa, ta zuƙe shi da guntun tiyo. In ruwan ya gaji ta sake shi gindin zogalen, ta goge kwamin da toka da soso, ta bar rana ta gasa shi.

A shekarar da kowa ke tsige zogalensa har ƙashi don a yi kwaɗo a kwana, ita nata ba a taɓawa sai ya yi 'ya'ya sun bushe. Na san ranakun da ta sha ruwa ta kwanta ga ganye a tsakar gidanta. Busassun 'ya'yan kuwa a ɗakin Sabo take tara su. Abin da ke kai ta ciki ke nan, kuma ba ta daɗewa.

A ƙasan kwamin akwai wani farin dutse kamar ƙwan kaza. Shi ne alƙali. In ta tsaya ta gan shi sarai, a shiga. In ya dushe, ko ɗan hakimi ne sai dai ya koma gida. Na taɓa ce mata ruwan da za a yi tsalle a ciki ba sha ba, me ya kawo wannan fitina? Ta ce, "Ruwan da ba na ganin ƙasansa, ba ɗan da zai shiga."

To ranar nan ni na binne dutsen. Zogale kuma sai ya kwana yake aiki. Yara suka iso, riga a kafaɗa, suka leƙa, suka ga kunun da na dama. Ba su ma tambaya ba. Manyan cikinsu suka kalli juna, suka fara sulalewa ta bayan danga.

Hure ta miƙo min guga. "Kwashe wannan, ka wanke, ka cika."

"Ni kaɗai? Rijiyar nan taki sai an yi mata sallama daga nesa."

Ba ta tsaya ji ba. Ta zari karan dawa ta bi su da sauri, tsohuwar da ke dafa bango in za ta tashi daga sallah. Tun ranar da aka fito da Sabo ba ta sake taka hanyar nan ba, ko biki ake a unguwar gaba sai ta zagaya ta gonaki. Na hau bakin kwami na hango ta. Ta sha gabansu, ta tsaya a daidai inda ta tsaya wancan karon, ta ba ruwan baya. Kiran sunayensu take yi ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, har nan ina ji: Kamilu, Larai, Ɗan'auta, Asama'u. Ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Na ja ruwa har tafin hannuna ya yi kanta. Sai bayan la'asar dutsen ya fito fari tas. Na aika aka gaya mata, ta taho da su a gabanta kamar mai koro awaki, ta jera su a bakin baho. Da suka faɗa ciki suna ihu ta zauna a kan turmi, tana bin kawunansu da ido.

Ni kuwa bakina ba ya hutawa.

"Hure, ruwan nan ya fi na randar gidana kyau. Na bar wasiyya, in na mutu da shi za a yi min wanka."

Ba ta ɗauke ido daga kan yaran ba.

"Gawa ba ta zaɓen ruwa, Dabo. Nawa yaron daga cikin laka kuka miƙo min shi. Wannan na masu rai ne. Matsa, ka tare min dutse."